Ruwan da Ya Wanke Allon Lamidi

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Talata, cikin azumin nan da muke ciki, muna zaune a shagona na Fagge mu biyu, ni da Malam Bukar mai turare, ɗan marigayi Baba Modu. Ƙishirwa ta kai inda ta kai. Hadari yana haɗowa ta saman Sabon Gari. Sai adaidaita ta tsaya a bakin kwata, wata mata ta sauko da jaka a hannu, ta karanta allon da ke saman ƙofa, sannan ta yi sallama ta durƙusa.

"Baba, ku ne Malam Garba mai zane?"

Na ce ni ne.

"Sunana Sikira. Daga Ogbomosho na zo. Ni 'yar Lamidi ce."

Hausarta irin ta Fagge ce ta da, wadda yaran yanzu ba sa yi. Na tambayi mahaifinta, ta ce ya rasu bara. Muka yi masa addu'a. Da muka shafa, sai ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Da yana jinya ya yi ta ambaton sunanku. Ya ce wai shi mai zane ne. Baba, ni tun da na yi wayo goro na ga yana sayarwa. Ko biro ba ya iya riƙewa, yatsunsa na dama a karkace suke, da hagu yake cin tuwo. Ya ce mana dilar atamfa ce ta faɗo masa. In da gaske ya taɓa zane, ina so in ga abu ɗaya da hannun nan ya yi kafin ya lalace. Ɗaya tak, in nuna wa 'ya'yana."

Bukar ya dube ni, ni kuma na dubi hadarin. Ba dila ba ce. Na faɗa mata yadda aka yi, kuma zan rubuta shi a nan bi da bi, domin akwai abin da nake nema a wurin mai karatu, kuma ba a roƙon mutum abu sai an gaya masa dalili.

Shekarar da soja suka shirya miƙa wa farar hula mulki karon nan na farko da muka gani da girmanmu, azumi ya faɗo tsakiyar damina, kamar yadda ya sake faɗowa bana. A lokacin wannan shagon namu ne mu biyu, ni da Lamidi. A Fagge aka haife shi, nan aka binne cibiyarsa. Mahaifiyarsa Alhaja tana sayar da kwanuka a Kasuwar Sabon Gari. Rabon aikinmu a fili yake: rubutu nawa, fuska tasa. Ni ne mai rula da alli, shi ne mai ido. Yana kirana Sarkin Layi, ina kiransa Ɗan Alhaja. Muna yin allon shaguna, da hotunan littattafan 'yan firamare da wata maɗaba'a take kawo mana, da zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Duk abin da ya zana, sai ya sa ɗan ƙadangare a kusurwar ƙasa ta dama. Sa hannunsa ke nan, kuma kowa a Fagge ya sani.

Tsarin yininmu a azumi shi ne wannan. Bayan asuba mu buɗe shago, mu share, mu wanke buroshi da kananzir. Aikin da ke son nutsuwa a yi shi da sanyin safiya, kafin hannu ya fara rawa. Da hantsi a fitar da alluna su sha rana. Bayan azahar babu mai taɓa fenti, don warinsa a kan cikin da ba komai jiri yake sa mutum. Bayan la'asar ni in jera kayan gobe. Shi kuwa Lamidi sai ya ɗauki kwali ya hau tsani zuwa saman soron Baba Modu, maƙwabcinmu mutumin Borno mai sayar da turare da ƙaro.

Abin da yake yi a can ba aikin kowa ba ne, nasa ne. Hadari yake zanawa. Kwalayen da 'yan atamfa suke cirewa daga cikin dila su yar, su yake tarawa tun rani. Damina na faɗuwa sai ya fara: hadarin gabas mai baƙin ciki, hadarin da ya yi ja da yamma, hadarin da ya haɗu ya watse bai zubar ba. In ya gama sai ya bayar. Mai shayi, mai faci, matan aure ta hannun mazajensu, har Rijiyar Lemo an kai su. Na sha gaya masa ɓata lokaci ne.

"Sarkin Layi," in ji shi, "kai da za a ba ka sama, layi za ka ja mata."

"Da ta fi haka tsari," na ce.

A shekarar nan ruwa ya fara da kyau, sannan ya ɗauke daf da azumi. Geron da ya kai ƙugu a gonakin bayan gari ya fara naɗe ganye. Zafi ya dawo kamar bazara, amma da gumi mai danƙo. Kwatocin Fagge suka tsaya cak suna wari. Tsohon hatsi ya ƙare a rumbuna, sabo bai zo ba, 'yan kasuwa suka fara ɓoye buhu. A gidana kunun tsamiyar buɗa baki ya riƙa tsinkewa kullum, har mai ɗakina ta koma ƙara mana da kwaɗon rama. Ranar da Alhaja ta aiko da alale, a tsakiyar shago muke ajiye kwanon mu huɗu har da Baba Modu da ɗansa. Lamidi yana hawa soro ya sauko da kwali fari. Sama wayam, ba abin zanawa.

Kayan aikinmu ma suka yi wuya. An tsuke shigo da kaya daga waje, fentin mai ya ɓace, allon katako mai faɗi ya ɓace, ga 'yan siyasa sun wawashe ɗan abin da ya rage. Zaɓe ana yin sa ne kashi-kashi, Asabar bayan Asabar, gari ya rabu. Mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci sun daina gaisawa a waje. Kowace jam'iyya da 'yan bangarta, samari masu gora da jajayen idanu, suna yawo a bayan a-kori-kura.

A mazaɓarmu mutum biyu ne suka nemi kujera ɗaya. Ba zan faɗi sunansu ba, sun riga mu gidan gaskiya. Mu a shago da fuskarsu muke kiransu: Mai Wushirya da Mai Tabarau.

Mutanen Mai Wushirya ne suka fara zuwa, tun kafin azumi, lokacin muna da sauran fentin mai. Lamidi ya yi musu fuskarsa a babban allo, tsayinsa ya fi ƙofar shago. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. In ka wuce sai ka ga kamar zai kira sunanka. Amma da suka zo ɗauka sai suka ce dariyar ta yi yawa, kamar yana yi wa talakawa dariya. Suka tafi suka bar shi. Muka jingina allon a ƙuryar shago, fuskar tana kallon bango. Aka yi zaɓe, Mai Wushirya ya faɗi, mutanensa suka ce an yi musu maguɗi, aka fara jifa a lunguna.

Cikin goman farko na azumi sai ga Alhaji Iro, wani dilan atamfa, shi ne idon Mai Tabarau a unguwa. Yana son babban allo na fuskar gwaninsu, a yi taron murna da shi bayan la'asar ranar Juma'a ta sama, a kuma zuga jama'a don babban zaɓen da ya rage. Yana son a gama masa allon cikin kwana biyu. Samari biyu masu gora suna tsaye a bayansa. Irin wannan aiki ba a cewa ba za a yi ba.

Da suka fita na ce, "Ɗan Alhaja, ba allo, ba fenti."

Ya nuna ƙuryar shago da haɓa. "Ga allo."

A nan sai na yi bayanin wata al'ada ta masu sana'armu a wancan zamani. In aka kawo aikin ɗan lokaci, kamar sanarwar wasa ko ta biki, ba ma ɓata sabon allo. Sai mu dama farar ƙasa da ƙaro mu shafe tsoho, ya bushe, mu yi sabon zane a kai da garin kala wanda shi ma da ƙaro aka dama. In biki ya wuce, a sa ruwa da tsumma a wanke, tsohon zanen ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Kowa yana yi. Amma aikin rani ne.

Na ce a kankare fuskar farko tukuna. Ya ce fentin mai in ya kama katako sai an bi shi da wuta, kuma lokaci ba zai isa ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ya juyo da allon, ya daɗe yana kallonsa.

"Garba, tun da nake ban taɓa fitar da fuska kamar wannan ba. In sa mata wuƙa? Su yi taronsu, mu karɓo abinmu, in wanke."

"Damina ce."

"Ka ga damina? Leƙa waje ka nuna min."

Baba Modu da ya auno mana ƙaron sai da ya riƙe ƙullin a hannu bai saki ba. "Yarana, ƙaro da ruwa ba sa shiri. Ni mai sayar da shi ne, na gaya muku."

"Baba, a inuwa za a ajiye," in ji Lamidi.

Aka shafe, ya bushe, Lamidi ya zana Mai Tabarau da hularsa da ɗaure fuskarsa, ya sa ƙadangare a kusurwa. Ni kuma na rubuta sunan mutumin a kan wani siririn katako da ɗan baƙin fentin mai da ya rage a gindin gwangwani, muka kafa a ƙasan allon. Da Alhaji Iro ya zo ɗauka, Lamidi ya ce masa sau biyu, "Alhaji, a ƙarƙashin rumfa za a kafa shi. Kada ruwa ya taɓa shi."

Alhaji Iro ya yi dariya. "Ruwa? In kana da shi a shago sayar min, gonata tana ƙonewa."

Washegari muka bi ta wajen. Ba a rumfa suka sa shi ba. Sun ɗaure shi da igiya a saman benen Alhaji Iro, yana fuskantar filin da za a yi taron, babu ko tabarma a kansa. 'Yan banga sun shimfiɗa buhu a gindin benen suna gadi.

Daga ranar nan gari duka yana neman abu ɗaya, mu biyu muna tsoronsa. Lamidi ya je ya roƙi Alhaji Iro a sauko da allon, wai zai gyara kunne. Aka ce kunnen ya yi. Ya koma ya ce a bari ya rufe shi da tamfol. Aka ce an yi fuska ne don a gani. Gaskiyar kuwa ba ta faɗuwa, don wanda ya ce ya ɓoye Mai Wushirya a ƙarƙashin Mai Tabarau a wannan makon, ya san abin da ya tara. Ya ci gaba da hawa soro bayan la'asar, amma ba ya ɗaukar kwali. Tsayawa kawai yake yi, hannu a goshi, yana kallon gabas. In ya sauko ba na tambaya, shi ma ba ya faɗa.

Ranar Alhamis da safe aka fita roƙon ruwa. Manya da yara, an juya riguna bai-bai, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa tun hantsi bai yi ba. Liman yana addu'a muryarsa tana rawa, tsofaffi suna kuka. Lamidi yana gefena. Na ji amin ɗinsa ta fi tawa ƙarfi. A hanyar dawowa na tambaye shi.

"Da gaske ka ce amin?"

"Garba, gero yana mutuwa. Allo ɗaya ne zai hana ni cewa amin?"

Juma'a ta zo da wani irin shiru. Ko ganye ba ya motsi. Ƙudaje suka cika shago, tururuwa suka fito layi-layi a gindin bango suna ɗauke da ƙwansu. Baba Modu ya dube su, ya fara shigar da kayansa ciki. Bayan an sauko masallaci gabas ta yi duhu. Kafin la'asar duhun ya ci rabin sama, baƙi ƙirin, ƙasansa yana wani kore-kore. Lamidi ya tsaya a ƙofa ya ce, "Wannan shi ne wanda nake jira tun farkon damina." Ban san ko mai zane ne yake magana ko mai tsoro ba.

Na ce ya tafi wurin Alhaja a kasuwa ya zauna. Ya ce a'a, filin za shi, ko Allah zai sa su sauko da allon in iska ta taso. Na kulle shago na bi shi.

Fili ya cika. Ana kiɗa, ana kirari ta lasifika. Iska ta fara tasowa, ta kwashi huluna, allon ya riƙa girgiza a igiyarsa. Sai ɗigon farko, manya-manya masu ɗumi, ƙamshin ƙasa ya tashi. Jama'a suka ɗaga hannu suna kabbara, masu azumi suna kame baki kada ruwa ya shiga. Babu wanda ya gudu. An yi makonni ana jiransa.

Daga nan ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ni allon nake kallo. Hular ce ta fara zuba. Sannan tabarau ya narke ya gangaro a kumatu, baƙi, layi biyu. Farar ƙasa ta biyo baya tana kwarara a bangon bene kamar madara. Na ɗan lokaci fuskar ba ta kowa ba ce, ido huɗu, hanci biyu. Sannan bakin ya buɗe. Wushirya ta fito, fes, tana sheƙi a cikin ruwa, tana yi wa filin nan duka dariya. A ƙasanta kuma sunan Mai Tabarau yana nan daram, don fentin mai ne.

Kiɗa ya tsaya. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, wasu suka ɗauka. Dariyar nan ce ta jawo komai.

"Wa ya yi allon nan?"

"Ga ƙadangare can! Lamidi ne!"

"Dama Bayarabe ne, turo shi aka yi!"

Wanda ya faɗi haka tare suka yi makarantar allo da Lamidi. Muka juya, amma lunguna sun cika da ruwa har gwiwa. A bakin shago 'yan bangar Mai Tabarau suka cim mana. Ni gora ɗaya aka sauke min a kafaɗa aka ture ni cikin kwata. Shi suka riƙe. Babbansu ya ce, "Da wane hannu ka yi?" Suka ɗora hannunsa na dama a kan dakalin shago. Sauran ba zan rubuta ba.

Baba Modu ne ya fito da carbi a hannu, gemunsa yana ɗiga, ya kwanta a kan Lamidi ya ce sai dai su haɗa da shi. Suka bar shi suka fasa ƙofar shago. Wuta ba ta kamawa a wannan ruwa, sai suka kwaso duk abin da ke ciki, alluna, takardu, kwalayen hadarin da bai riga ya bayar ba, suka zuba a kwata. Ina kallo ruwa ya tafi da su. Ana cikin haka aka kira magariba. Ruwan indararo muka tara a tafi muka ba shi ya buɗe baki.

Mai ɗori ya yi iya yinsa a gidan Baba Modu. Gero ya farfaɗo, aka yi kaka mai albarka a shekarar, kowa ya shaida. Bayan sallah Alhaja ta sallamar da rumfarta, ta sa ɗanta a motar masu goro zuwa Ogbomosho, garin kakanninsa, inda bai taɓa kwana ba. Da za su tashi ya leƙo ta taga, hannu a rataye a wuya, ya ce, "Sarkin Layi, ka riƙa duba min gabas." Ban sake ganinsa ba.

Yanzu fuskokin 'yan takara inji ne yake buga su a leda, a yini ɗaya a cika gari. Ruwa ba ya wanke su, sai dai rana ta cinye. Ni rubutun alluna nake yi har yau, fuska kuwa ban karɓi aikinta ba tun daga ranar.

Da na gama ba Sikira labari ruwa ya riga ya sauko. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi dakalin ƙofa ta ce, "Wannan ne?" Na ce shi ne. Ta je ta ɗora tafin hannunta a kai, ruwa yana dukanta. Sannan ta dawo ta ce, "To Baba, ina zanen?"

Ba ni da ko ɗaya. Bukar ya bincike ɗakin mahaifinsa, bai samu ba. Na sauke ta a gidana wurin iyali, ta ce za ta zauna zuwa sallah.

Saboda haka ga roƙona. Lamidi ya rabar da kwalayen nan da yawa a Fagge da Sabon Gari da Rijiyar Lemo, damina bayan damina. Waɗanda ya ba yawancinsu sun rasu, amma gidajen suna nan. Na farko, ku duba bayan kwabar tsofaffinku, da ƙarƙashin adaka, da bayan tsohon madubi, don mutane suna tokare bayan kaya da irin wannan kwali. Na biyu, abin da za ku gani hadari ne kawai, ba mutum ba gida, da ɗan ƙadangare a kusurwar ƙasa ta dama. Na uku, in kun samu kada ku goge shi da ruwa ko da ya yi datti, da ƙaro aka yi shi. Ku sa shi a leda ku kawo Fagge, layin masu turare, ku tambayi shagon Garba mai zane. Ko ya yage, ko gara ta ci rabinsa, ku kawo. 'Yarsa tana jira, kuma ranar sallah da yamma za ta hau mota.